An kori ƙararka saboda rashin zuwa kotu? Ga yadda ake dawo da ita

Magatakarda ya kira lambar shari'a da sunan mai ƙara. Shiru. Ya sake kira, ba wanda ya amsa. Sai lauyan wanda ake ƙara ya miƙe ya ce, ya mai shari'a, mai ƙara bai zo ba, bai aiko da uzuri ba, muna roƙon a kori ƙarar. Alƙali ya rubuta, aka kira ta gaba.

Haka ƙarar bashi, ko ta fili, ko ta kwangila take faɗuwa ba tare da an saurari shaida ko ɗaya ba. Amma sau da yawa akan iya dawo da ita, in dai ba a yi sanya ba.

Kafin komai, je rajistar kotun ka karɓi kwafin umarnin da alƙali ya bayar, ka karanta shi da idonka. Kada ka tsaya ga abin da wani ya faɗa maka a bakin kotu. Dalili kuwa, kora iri biyu ce. Akwai wadda take barin ƙofa a buɗe, kana iya sake shigar da ƙarar. Akwai kuma wadda ake ɗaukarta tamkar an yi shari'ar an gama. A kotunan tarayyar Amurka, in an kori ƙara saboda mai ita ya yi sakaci da ita, kuma umarnin bai faɗi akasin haka ba, to ta biyun ce. A Indiya, dokar tsarin shari'a ta 1908 ta ce in wanda ake ƙara ya zo, mai ƙara bai zo ba, ba shi da damar shigar da sabuwar ƙara a kan wannan magana, sai dai ya roƙi a dawo da tsohuwar. In kuwa dukansu ne ba su zo ba, mai ƙara yana da zaɓi: ya shigar da sabuwa, ko ya roƙi a dawo da tsohuwar.

Sai lokaci, kuma a nan mutane suka fi yin asara. Indiya ta ba da kwana 30 daga ranar korar. Amurka ta ce a nema cikin lokacin da ya dace, kuma kada ya wuce shekara 1 in uzurin kuskure ne ko sakacin da za a iya yafewa. Ingila, a babbar ƙa'idarta, ba ta sa adadin kwanaki ba, cewa ta yi mutum ya hanzarta da zarar ya samu labari. Kowace kotu da nata ƙa'idar, don haka tambayi wa'adin tun ranar da ka karɓi kwafin.

Roƙon da kansa a rubuce ake yin sa, a gaban kotun da ta yi korar, a haɗa shi da takardar rantsuwa, a kuma kai wa ɗaya ɓangaren kwafi domin shi ma yana da ta cewa. Takardar rantsuwar ita ce komai. "Ba ni da lafiya" kawai ba ya gamsar da alƙali. Abin da yake so ya gani shi ne: an kwantar da ni ranar kaza, an sallame ni ranar kaza, ga takardar asibiti, ga ranar da na ji an kori ƙarar, ga abin da na yi washegari. In takardar sanar da ranar zama ce ba ta iso ka ba, duba fayil ɗin kotu, a ga ko akwai shaidar an kai ta, da adireshin da aka kai. Wannan uzuri ne mai ƙarfi ƙwarai, domin bai kamata a hukunta mutum kan zaman da ba a sanar da shi ba. Mantuwa tsura kuwa, ta fi kowane uzuri rauni.

A Ingila sharuɗɗa uku ne, kuma sai an cika dukansu: hanzari, uzuri mai ƙwari, da alamar cewa ƙarar tana iya yin nasara in an saurare ta. Wato ko uzurinka ya karɓu, in ƙarar ba ta da tushe, ba za a tayar da ita don a sake binne ta ba.

To in lauya ne ya ƙi zuwa fa? Nan kotuna suka sha bamban. A 1962 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Link da kamfanin jirgin ƙasa na Wabash, ta tabbatar da korar wata ƙara bayan lauya bai halarci zama ba, tana cewa mutum shi ya zaɓi lauyansa, abin da lauyan ya yi ya hau kansa. A 1981 Kotun Ƙolin Indiya, a shari'ar Rafiq da Munshilal, ta ce bai dace wanda ya yi duk abin da ke wuyansa ya ɗauki laifin lauyansa ba. A ganina ta Indiya ta fi kusa da adalci, amma ba hujja ba ce ta miƙa wa lauya fayil a je a kwanta.

In alƙali ya amince, yakan sa ka biya ɗaya ɓangaren kuɗin ɗawainiyar zuwan da ya yi a banza, sannan a sa sabuwar rana. In ya ƙi, saura ɗaukaka ƙara, ko sabuwar ƙara inda doka ta bari. Kafin ka zaɓi sabuwar, lissafa wa'adin da doka ta ba irin wannan ƙara, domin mai yiwuwa ya cika tun ana jan ta farkon.