Injin wanke kwanuka ya nuna E14: daga famfo za a fara, ba daga ƙwaƙwalwa ba

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da wannan lokaci.

Kun jera faranti da kofuna, kun zuba sabulu, kun rufe ƙofa, kun danna maɓalli. Injin ya fara gunji kamar kullum, ya ɗan ja ruwa, sai ya tsaya cak. Kuna duba allo sai ga E14. Idan injinku Bosch ne, ko Siemens, ko Neff, wannan bayani naku ne, domin duka ukun kamfani ɗaya ne na Jamus ke ƙera su, kuma lambobin matsalarsu iri ɗaya ne.

Injin nan ba ya ganin ruwa, ƙirga shi yake yi. A kan hanyar da ruwa ke bi ya shiga akwai wata 'yar mita da ba ta kai kwalin ashana biyu ba. A cikinta akwai 'yar farfela ta roba, an maƙala mata maganaɗisu. Ruwa na wucewa, farfela na juyawa. Daga waje kuma, a jikin mitar, akwai ɗan siririn gilashi mai ƙarafa biyu a ciki. Duk lokacin da maganaɗisun ya gifta, ƙarafan nan sai su haɗu, ya wuce su rabu. Haɗuwa da rabuwar nan ita ƙwaƙwalwar injin ke lissafawa, da ita take sanin lita nawa ta shiga, ta rufe bawul idan ya isa. Shi ya sa injin zamani ke gama wanki gaba ɗaya da lita 9 zuwa 12 kacal.

To E14 ma'anarta ita ce lissafi ya ɓace. Injin ya ji alamar akwai ruwa a cikinsa, amma mitar ba ta aiko masa da ƙirga ba. Kada ku haɗa ta da 'yan uwanta: E18 ruwan ne bai iso da yawa ba, E15 ruwa ne ya zuba a kaskon ƙasa, E24 kuma ruwan datti ne ya ƙi fita.

Kafin ku taɓa komai, ku zare filogi daga soket. Kashe maɓalli bai wadatar ba, ku zare shi. Sannan ku rufe famfon da ke ba injin ruwa. Ruwa da wuta ne suka haɗu a wuri ɗaya, ba a yi musu ganganci.

Ku bar shi minti biyar, ku mayar da filogi, ku buɗe famfo, ku danne maɓallin farawa na daƙiƙa uku har shirin da ya maƙale ya goge. Wani lokaci, musamman bayan an ɗauke wuta ana tsakiyar wanki, wannan kaɗai ya isa. Idan lambar ta dawo, sai mu koma wajen ruwa.

A nan zan ɗan daɗe, domin a gidajenmu nan ne matsala ta fi yawa. Kamfanin ya rubuta a littafin injin cewa ƙarfin ruwa kada ya gaza rabin ba (bar, ma'aunin ƙarfin ruwa), wato 0.5, kuma kada ya wuce ba 10, sannan famfo ya riƙa zubar da aƙalla lita 10 a minti ɗaya. Wanda ya rubuta wannan yana tunanin ruwan famfon gari ne mai ƙarfi. Mu kuwa yawancinmu daga rijiyar burtsatse muke tura ruwa zuwa tankin sama, shi kuma ya sauko da nauyinsa. Lissafin ba wuya: kowace mita 10 ta tsayi tana ba da kusan ba ɗaya. Ke nan tankin da ke mita 3 sama da kicin bai wuce 0.3 ba, bai kai abin da injin ke nema ba. Sai tanki ya kai mita 5 sama da injin sannan ya taɓa mafi ƙarancin abin da ake buƙata. Ruwa mara ƙarfi zai iya silalewa ya wuce ba tare da ya juya farfelar yadda ya kamata ba, balle idan ta riga ta ɗan cije.

Ga yadda za ku gwada. Ku kwance tiyo daga bakin famfo, ku tara bokiti mai lita 10, ku buɗe famfo har ƙarshe, ku duba agogo. Idan minti ɗaya ya cika bokiti bai cika ba, laifin ba na injin ba ne tukuna. Ko a ɗaga tanki, ko a sa ɗan injin ƙara ƙarfin ruwa a layin kicin.

Tunda tiyon yana hannunku, ku leƙa bakinsa. Akwai 'yar rariya a ciki. Ku zaro ta da filaya a hankali, ku wanke da tsohon buroshin haƙori. Ruwan burtsatse yana zuwa da yashi mai laushi, kuma na sha ganin rariyar nan ta toshe har haske ba ya ratsa ta. Abu ɗaya nake roƙonku: kada ku jefar da ita don ruwa ya ƙara gudu. Yashin da take tarewa, idan babu ita, cikin farfelar zai je ya zauna. Idan kuma tiyonku mai ƙaton akwatin roba ne a kai, akwai bawul mai aiki da wuta a cikinsa. Ba a yanka shi, ba a tsoma shi a ruwa. Ku bi tsawon tiyon ma ku tabbata bai lanƙwashe a bayan kabad ba.

Idan ruwa ya yi ƙarfi, rariya ta yi tas, E14 na nan, to yanzu ne za a je ga mitar kanta. Wanda injinsa ke cikin garanti ya tsaya a nan ya kira inda ya saya, buɗewa na iya ɓata garantin.

Ku sake zare filogi, ku rufe famfo, ku jawo injin waje. A yawancinsu mitar tana gefen hagu, idan kuna fuskantar ƙofa. Ku kwance sukurorin murfin gefe, masu kan tauraro ne, sai da sukundireban da ya dace. Ku sa safar hannu, bakin ƙarfen nan yana yanka kamar reza. Za ku ga wata faffaɗar jakar roba mai hanyoyin ruwa, mitar tana can ƙasa-ƙasa, da 'yar waya a jikinta. Ku ɗauki hoto da wayar hannu kafin ku cire komai.

Ku fara da 'yar wayar da ke jikin mitar. Ta zame? Bakinta ya yi tsatsa ko ya yi kore? Ɓera ya gwaguye ta? Ku cire, ku goge, ku mayar har ku ji ta zauna daram. Mai injin kwatano ya fi kowa buƙatar duba nan, domin injin da ya sha hanya ya kuma daɗe a ajiye, wayarsa kan saki, farar ƙasar ruwa kuma ta bushe ta riƙe farfela.

Sai gwaji da mitar masu gyaran rediyo, a wurin da take ƙara idan layi ya haɗu. Ku ɗora bakunanta biyu a kan ƙafafun gilashin, ku gifta ɗan maganaɗisu a kusa. Lafiyayye zai yi ƙara ya yi shiru, ya yi ƙara ya yi shiru. Idan ya yi shiru gaba ɗaya, ko ƙarar ta ƙi yankewa, ya mutu. Idan shi lafiya lau yake, sai farfela. In irin mitar da ke cirewa ce, ku hura iska ta bakinta, ya kamata ku ji tana juyawa. Wadda ta cije ku jiƙa ta a ruwan khal na ɗan lokaci, amma ku cire gilashin da wayarsa tukuna. A wasu injunan farfelar a haɗe take da jakar robar, dole sai an canja jakar duka.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake saurin ce wa mutane ƙwaƙwalwar injin ce ta ƙone. Tana cikin kayan da suka fi tsada a cikinsa, kuma ita ya kamata a zarga a ƙarshe, bayan an gwada ruwa, an gwada waya, an gwada gilashin. Idan mai gyara ya ce ƙwaƙwalwa ce, ku tambaye shi cikin mutunci ya nuna muku gwajin mitar a gabanku.

Idan za ku sayi sabon kaya, ku buɗe ƙofar injin ku duba bakinta na sama ko na gefe. Akwai rubutu da ya fara da E-Nr. Ku ɗauki hotonsa gaba ɗaya har da lambobi biyun da ke bayan alamar /, domin injuna biyu masu kama ɗaya na iya ɗaukar mita daban. Bayan kun ɗaura, ku buɗe famfo, ku kunna gajeren shiri ba tare da kwanuka ba, ku haska tocila a gefen daga nesa ba tare da kun sa hannu ba. Idan babu ɗigon ruwa kuma allo bai nuna komai ba, ku zare filogi ku mayar da murfin.