Amsoshin Tambayoyinku: Batir a tashar lantarki ta iska, yana mayar da kuɗinsa?

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙarmu ta farko daga wani malamin makaranta ce a Funtuwa. Ya ce ya ji ana kafa manyan batura kusa da tashoshin lantarki masu aiki da iska a ƙasashen waje, shin kwalliya tana biyan kuɗin sabulu kuwa?

To Malam, tana biya, amma sai a inda kasuwar wuta ta ba da dama. Mu leƙa jihar Kudancin Ostireliya. A watan Satumba na 2016 guguwa ta kakkarya turakun babban layin wuta, wuta ta ɗauke a jihar baki ɗaya. A 2017 kamfanin Tesla ya kafa batir mai ƙarfin megawat 100 a Hornsdale, kusa da garin Jamestown, daf da tashar iska ta kamfanin Neoen na Faransa. Ya ci kusan dalar Ostireliya miliyan 90, kuma a 2020 aka ƙara ƙarfinsa zuwa megawat 150.

Ta hanya biyu yake kawo kuɗi. A can, farashin wuta a kasuwar sari yana sauyawa duk bayan minti biyar. Idan iska ta kaɗa sosai alhali jama'a na barci, wuta ta yi yawa, farashi ya faɗi warwas, wani lokaci har mai tasha ne zai biya a karɓi wutarsa. Sai batir ya sha a lokacin, ya saki da magariba da farashi ya tashi, kamar mai sayen gero da kaka ya fitar da shi da damina. Sai dai akwai ragi: cikin kashi 100 da aka zuba, kashi 10 zuwa 15 kan salwanta.

Hanya ta biyu ce ta fi kawo wa Hornsdale kuɗi a shekarunsa na farko, kuma ita ce ba a cika faɗa ba. Babban layin wuta yana da bugun da dole ya tsaya a kai, sau 50 a daƙiƙa. Da zarar wata babbar tasha ta tsaya ba zato, bugun ya yi ƙasa, idan ba a tare shi ba layin ya durƙushe. Batir yana kai ɗauki cikin ƙasa da daƙiƙa guda, ana kuma biyansa ladan wannan gadi, aikin da a da masu tashoshin gas ke tsawwala wa kuɗi. Amma kasuwar gadin ƙarama ce. Da batura suka yawaita sai ladan ya ragu, wanda ya zo a makare bai tarar da garaɓasar ba.

Wata baiwar Allah daga Maraɗi kuma tana tambaya: idan iska ta ɗauke kwana biyu ko uku, batir zai riƙe gari?

Malama, ba zai riƙe ba. Batirin Hornsdale na farko, idan aka sake shi da dukkan ƙarfinsa, sa'a ɗaya da 'yan mintoci zai yi ya ƙare. Yawancin waɗanda ake kafawa yau tsakanin sa'a biyu ne zuwa huɗu. Batir yana cin riba ne gwargwadon yawan cikawa da juyewar da yake yi. Rana kullum tana fitowa ta faɗi, don haka mai tashar sola ya san zai cika ya juye kowace rana, ita kuwa iska tana iya kaɗawa kwana uku a jere ta kuma lafa kwana uku. Shi ya sa masu zuba jari suka fi haɗa batir da sola, duk da cewa farashin batirin lithium ya sauka da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2023.

Malamin Funtuwa ya rufe wasiƙarsa da tambayar ko za a yi haka a tashar iska ta Lambar Rimi a jihar Katsina, mai injina 37 da ƙarfin megawat 10, wadda aka faro maganarta tun marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna, ta kuma sha jinkiri shekara da shekaru. Gaskiya wannan tasha tana ba ni takaici, domin wurin yana da iska. Amma a Najeriya farashin wuta a ƙayyade yake, kuɗin ta tsakar dare da ta magariba ɗaya ne, don haka hanyar riba ta farko a toshe take. Layinmu kuwa yana yawan durƙushewa, gadin batir zai yi masa rana, in har NERC, hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki, ta tsara wanda zai biya ladan, aka kuma riƙa biya a kan kari. A ganina, duk kuɗin da aka samu yanzu a fara kashe shi wajen ganin injinan 37 suna juyawa, da layin da zai kai wutarsu gidajen Rimi da Katsina.