Ƙurar Bolonya da Jeren Hajiya a Jos

Assalamu alaikum, 'yan'uwana na Jos, musamman mutanen Gangare. Yau ina birnin Bolonya na ƙasar Italiya, a gida mai lamba 36 da ke titin Fondazza, inda mai zane Giorgio Morandi ya zauna tare da 'yan'uwansa mata uku har ya rasu a 1964. Mafi yawan aikinsa zanen kayan da ba su da rai ne: kwalabe, tuluna, gwangwanaye da ƙananan kwanoni, kuma su ɗin dai yake ta maimaitawa shekara da shekaru.

Bari in matso da kyamara kusa da gilashin nan ku ga ɗakin aikinsa. Wasu kwalaben ya shafe su da fenti domin su daina ƙyalli, ba ya kuma son a goge ƙurar da ta kwanta a kansu. A kan teburin akwai takarda wadda yake zagaye gindin kowane abu da fensir, saboda ya san ainihin inda ya ajiye shi. Wannan takarda ta fi komai taɓa zuciyata, domin ta nuna cewa mazaunin abu da tazarar da ke tsakaninsa da maƙwabcinsa su ne abin da yake nema. A zanensa za ka ga inuwar tulu ta hau kan kwalba, gefen farar kwalbar kuma ya saje da bango har ka kasa cewa ga inda ɗaya ya ƙare.

Wallahi ina tsaye a nan, amma ɗakin Hajiyarmu nake gani. Langa da samira da kwalla suna jere a kabad, manya a ƙasa, ƙanana a bisa, kuma da hantsi hasken taga yakan bugi murfin langa ya faɗa kan tasar da ke gefenta. Idan hunturu ya shigo, ƙura takan dushe jan furannin da ke jikinsu. Ranar da aka ɗauki samira ɗaya aka kai wa mai jego abinci, duk wanda ya shigo sai idonsa ya tsaya a gurbinta, inda da'irar gindinta ta fito fes a cikin ƙura.

Ƙanwata, na san kina kallo. Don Allah gobe da hantsi, kafin ki ɗauki tsumma, ki buɗe labulen ɗakin Hajiya ki ɗauko mini hoton jeren nan yadda yake.