Abin wuyan karen soja: lacca ga masu kwaikwayon Yaƙin Duniya na Ɗaya

Assalamu alaikum. Jama'a, barkanmu da war haka.

Masu kwaikwayon yaƙoƙin tarihi a Turai sukan kashe kuɗi mai yawa wajen neman kaki da takalmi da hular kwano irin na 1917, har maɓallin riga sai an tantance shi. Amma sai ka ga mutum ya fito fili cikin cikakkiyar shiga, yana jan kare da igiyar nailan mai maƙalin roba. To nailan ɗin nan sai a 1935 kamfanin DuPont ya ƙirƙiro shi a Amurka, shekara 17 bayan an gama yaƙin. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin abin da ke wuyan kare shi ne ke faɗa wa mai kallo aikin da karen yake yi.

Ku dubi Ingila. A 1917 aka buɗe makarantar horar da karnukan yaƙi a Shoeburyness, ƙarƙashin Laftanar Kanar Edwin Richardson. Karen saƙo yana sanye da abin wuya na fata, an maƙala masa ɗan gwangwani inda ake cusa takarda. Mai kula da shi yana zaune a baya, wani soja ne ke jan sa zuwa bakin daga. In wayar tarho ta katse, sai a rubuta saƙo, a saka a gwangwanin, a kwance igiya, kare ya sheƙa wurin maigidansa. Shi ya sa aka hana sojoji shafa shi ko ba shi abinci, kada ya saba da su ya ƙi komawa. Saboda haka wanda ke kwaikwayon wannan aiki, igiyarsa ta zama mai saurin kwancewa, kada kuma abin wuyan ya yi tarkacen da waya mai ƙaya za ta kama.

Na Jamusawa ya fi burge ni. Karensu mai neman waɗanda suka jikkata yana da ɗan guntun fata da ke reto a abin wuyansa. In ya tarar da mai rauni, sai ya cafki guntun fatar da baki ya dawo shiru, ba haushi, don haushi yana jawo harbi. Mai kula da shi na ganin haka ya san an samu mutum, sai ya ɗaura masa igiya ya bi shi. Ku cire wannan guntun fata, kun cire labarin gaba ɗaya.

Su kuwa 'yan Beljiyam, a 1914 karnukansu ƙananan kekunan bindiga mai jigida suke ja, don haka ɗamarar ƙirji ce kayansu.

Kada kowa ya je fadar Leeds da ke Kent a Ingila, ya ga abin wuyan ƙarfe mai ƙayoyi a gidan tarihin can, ya ce zai saka wa karen 1917. An yi shi ne ɗaruruwan shekaru kafin nan, don kare maƙogwaron kare daga kyarkeci.

Wajen haɗa abin wuyan, ku nemi baduku ya yi da jemammiyar fata mai kauri, ɗinkin hannu, da zobe da maɗaurin tagulla ko ƙarfe. Ku bar sararin yatsu biyu tsakanin fata da wuya. Kuma ina roƙonku, karen da bai saba da ƙarar bindiga ba kada a kai shi wurin da ake harbi, ko da harsashin wasa ne. A nuna shi a sansani, nesa da hayaƙi, da ruwan sha a gabansa.