Zoɓo, Masara da Shawarma: Yadda Ake Cin Abinci a Takeriyar Meksiko

Jama'a, assalamu alaikum. Ku dubi jan ruwan nan da ke cikin tulun gilashi, ƙanƙara na yawo a samansa. Idonku bai yaudare ku ba, zoɓo ne. Sai dai ba a Kano muke ba, a birnin Meksiko muke, bakin ƙofar wani ɗan gidan abinci da mutanen gari ke kira takeriya, wato inda ake sayar da tako, 'yar gurasar masara da aka ɗora wa nama. Sunan da suke kiran zoɓon shi ne agua de jamaica, ana furta shi "aguwa de hamaika". Suna noma shi da kansu, musamman a jihar Gerero, amma abin da suke nomawa ba ya isarsu, don haka suke shigo da busasshen zoɓo daga waje, kuma Najeriya da Sudan na cikin masu tura musu. Ba abin mamaki ba ne a ce furen da aka jiƙa a tulun nan daga wata gona a Jigawa ya taso.

Da zoɓon na fara don ku saki jiki. Wanda bai taɓa shiga irin wannan wuri ba yakan ji sunayen sun yi masa baƙo, ya ja baya. Amma yawancin abin da ke kan farantin ku ma kun san shi tun kuna yara.

Mu shiga ciki. Takeriya ta fi kama da teburin mai tsire ko mai shayi da aka yi wa rufi. Kujerun roba ne, ko kuma babu su sam, mutum ya ci a tsaye. Mai gashi yana gabanka, wuƙa a hannu, faffaɗan kaskon ƙarfe yana ta tsuwa. Farantin roba ne, sau da yawa an sa shi cikin leda, in ka gama a zare ledar a sa sabuwa. Babu cokali. Da hannu ake ci.

Ginshiƙin komai shi ne tortiya. Ku ɗauke ta kamar gurasa siririya, faɗinta bai wuce tafin hannu ba, amma da masara ake yin ta. A nan zan ɗan tsaya, domin akwai ilmi a cikin 'yar wannan gurasa. Masarar da muke tuƙa tuwo da ita, asalinta daga ƙasar Meksiko take. Kimanin shekara 9,000 da suka wuce mutanen kwarin kogin Balsas suka fara noma wata ciyawa mai suna teosinte, suka yi ta zaɓen iri har ta zama masarar da muka sani. Barkono da tumatir ma ta wannan ɓangaren duniya suka iso mana. Amma akwai dabara ɗaya da ba ta biyo masarar ba lokacin da ta tsallaka teku. Kafin su niƙa ta, sai sun dafa tsabar a ruwan da aka zuba farar ƙasa ko toka, su bar ta ta kwana a jiƙe, da safe su wanke, dusar ta fita, sannan a markaɗa. Wannan jiƙon ne ke sa ƙullun ya yi danƙo, ya miƙe ba tare da ya farfashe ba, kuma shi ke ba tortiya ƙamshinta. Abin da ya fi haka muhimmanci, yana sakin sinadarin bitamin B3 da ke ɗaure a cikin masara yadda jiki zai iya amfana da shi. A wuraren da talakawa suka dogara da masara ba tare da wannan dabara ba, kamar arewacin Italiya da jihohin kudu na ƙasar Amurka, cutar felagra ta yi ɓarna ƙwarai: fata ta yi ta saɓa, ga gudawa, ga ruɗewar hankali. Mutanen Meksiko kuwa sun daɗe da tsira daga wannan, albarkacin hikimar kakanninsu. Duk uwar da ta saba jefa kanwa a tukunyar wake za ta gane cewa irin wannan sani daga madafa yake fitowa. A 2010 hukumar UNESCO ta sa girkin gargajiya na Meksiko cikin jerin al'adun da suka zama gadon bil'adama, kuma wannan jiƙon masara na cikin abin da aka ambata.

Tako kuwa ba wani abu ba ne illa tortiya mai zafi da aka ɗora wa nama. Galibi biyu ake haɗawa, ɗaya kan ɗaya, don kada romo ya huda ta. Mai gashin zai ɗago kai ya tambaye ka, "kon todo?", wato a sa komai? Komai ɗin nan abu biyu ne kawai: yankakkiyar albasa da ganyen koriyanda. Sauran aikin naka ne. Ga lemun tsami a yanke, ka matsa. Ga kwanukan salsa, wato markaɗen yaji, ja da kore. Kada launi ya ruɗe ka ka ɗauka koren ba shi da zafi, domin sau da yawa shi ne ya fi cizo. Ɗiga kaɗan a bayan hannunka ka lasa, haka 'yan gari ke yi. Ko ka tambaya, "pika?", wato yana da yaji? In an ce da habanero aka yi shi, to ɗan'uwan attarugu ne, ka san da wa kake hulɗa.

Yanzu ku ɗaga ido ku dubi bakin ƙofa. Ga nama an jera shi a tsayayyen ƙarfe, yana juyawa a gaban wuta, abarba a soke a samansa. Na san abin da ya faɗo muku a rai: shawarma. Kun yi daidai. A farkon ƙarni na 20 baƙi daga Labanan da maƙwabtanta suka sauka a Meksiko, kamar yadda 'yan'uwansu suka sauka a Kano, kuma sun zo da wannan gashi. A birnin Puwebla, wajajen shekarun 1930, aka fara sayar da abin da har gobe ake kira tacos árabes, wato takon Larabawa. Daga baya aka sauya gurasar Larabawa da tortiyar masara, aka shafa wa naman jan barkono da kayan ƙamshi, aka sa masa suna al pastor. Mai yankan gwani ne. Zai shafto naman ya faɗa kan tortiyar da ke hannunsa na hagu, sannan ya ɗan ɗalli abarbar da bakin wuƙa, yankin ya tashi sama ya sauka daidai kan naman.

To amma a nan ne nake roƙon ku natsu ku saurare ni, musamman 'yan'uwa Musulmi. Ba gurasar kaɗai aka sauya ba, har naman ma an sauya. Al pastor naman alade ne. Kamanninsa na shawarma ya sa baƙi da yawa miƙa hannu ba tare da tambaya ba. Ku riƙe waɗannan kalmomi: cerdo, da ake furtawa "serdo", da puerco, duk alade ke nan. Carnitas alade ne da aka soya cikin kitsensa. Chorizo da longaniza da chicharrón duk daga gare shi suke. Kalmar da ta fi ɓuya kuwa ita ce manteca, "manteka", kitsen alade. Shi ne man girkin gargajiya a gidaje da yawa. Yana shiga dagargajen wake da ake kira frijoles refritos, yana shiga tamales, wato ƙullun masara da ake turarawa cikin ɓawon masara kamar alala, wani lokaci har tortiyar fulawa. Mutum zai iya cewa a ba shi wake kawai don ya kauce wa nama, alhali kitsen na cikin waken. Ka buɗe baki ka tambaya: "tiyene manteka?" Ba za a ji haushi ba, sun saba da tambayar. Ka kuma dubi kaskon da idonka, domin a wurare da yawa naman shanu da na alade a kasko ɗaya suke soyuwa, cikin mai ɗaya.

Me ya rage? Da yawa. Res naman shanu ne, pollo, "poyo", kaza, pescado kifi. Barbacoa ta jihar Hidalgo naman rago ne da ake naɗewa da ganyen wani tsiro mai suna magey, a binne a rami mai garwashi ya kwana yana dahuwa, da safe a ci da romonsa. A Monterrey ɗan akuya suke gasawa. Wanda ya damu da yadda aka yi yanka, kuma haƙƙinsa ne ya damu, tunda Musulmi ba su da yawa a ƙasar kuma mahautan halal ɗai-ɗai ne, sai ya nufi takon kifi irin na Baja California, ko na naman kaza na tsiro, ko na nopales, wato ganyen wani tsiro mai ƙaya da ake kankarewa a gasa. Yana da ɗan yauƙi, mai son kuɓewa ba zai ƙi shi ba. Guacamole kuma piya ce aka dagargaza da albasa da barkono da gishiri da lemun tsami, babu abin tsoro a ciki.

Kusa da tulun zoɓo akwai wasu biyu. Mai ruwan ƙasa-ƙasan nan tsamiya ce, suna ce mata tamarindo. Farin kuma horchata ne, "orchata". A Balensiya ta ƙasar Sifaniya da aya ake yin sa, kunun aya sak. Da sunan ya isa Meksiko sai aka koma yi da shinkafa da kirfa. In yaji ya kama ka, shi za ka nema.

Wanda ya ci abincin Meksiko a Amurka ko Landan ko Dubai zai ce ai bai ga abin da ya sani ba a nan: ina soyayyar tortiya mai ƙaras-ƙaras, ina narkakken cuku rawaya? Wannan wani reshe ne da ake kira Tex-Mex, ya girma ne a Texas da kan iyaka. Nachos ma a garin Piedras Negras na bakin iyaka Ignacio Anaya, wanda ake yi wa laƙabi da Nacho, ya fara haɗa shi a shekarun 1940, kuma kamfanin Taco Bell da Glen Bell ya kafa a California a 1962 ne ya yaɗa tako mai tauri a duniya. Ba na raina shi, yana da daɗinsa. Amma a ganina wanda bai ci tortiya mai laushi da aka ɗauko daga kasko yanzu-yanzu ba, bai san abin da ake magana a kai ba tukuna.

Kuma kada ƙanƙantar wuri ta sa ku raina shi. A 2024 masu littafin Michelin, waɗanda ke auna manyan gidajen abinci na duniya, suka ba wata takeriya mai suna El Califa de León tauraro, wato lambar yabonsu. Tana unguwar San Rafael a birnin Meksiko, an buɗe ta tun 1968, faɗinta bai fi ɗan shagon mai kanti ba, a tsaye ake ci, kuma tako iri huɗu kacal take sayarwa.

Wajen ci, ka riƙe takon da yatsu uku, ka karkatar da kanka wajensa maimakon ka karkatar da shi, cizo biyu ko uku ya ƙare. Kada ka yi odar goma a tashi ɗaya su huce a gabanka. Ka ce a ba ka biyu, in ka gama ka ƙara. In a gidan abinci mai tebur ne da ma'aikaci, ba za a kawo maka takardar kuɗi ba sai ka nema, ka ce "la kuwenta, por fabor", sannan ka bar tukuici na kashi 10 zuwa 15 cikin 100, domin ma'aikatan sun dogara da shi. A takeriyar bakin titi kuwa, sau da yawa babu mai rubuta komai. Sai ka ƙoshi mai karɓar kuɗi zai tambaye ka nawa ka ci, ka faɗa da bakinka, ya lissafa a kan maganarka. Wannan amana na burge ni ƙwarai. Sannan in za ka fita, ka waiwayi waɗanda ka bari suna ci, ko ba ka san su ba, ka ce musu "probecho", wato a ci lafiya. Za su ɗago su amsa da "gracias".