Darasi: Wankan Kumbh Mela da Tambayar Wane Ne Hindu

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau darasinmu Indiya zai kai mu, kuma wani ɗan'uwa ne ya jawo shi da saƙon da ya turo. Ya ce, Malam, tun muna yara muke kallon fina-finan Indiya, muna ganin ana ɗiga jan abu a goshi, ana juya faranti mai wuta a gaban gunki, amma har yau ba mu san da me mutanen nan suka yi imani ba. To ɗan'uwa, zan amsa maka, sai dai bakin kogi zan kai ka tukuna. Kuma in faɗa tun wuri, bayani muke yi, ba wa'azi ba.

Mu fara da sunan. Kalmar Hindu asalinta sunan kogi ne, Sindhu, wanda yau mafi yawansa yana cikin Pakistan. A bakin Farisawa sai ya koma Hindu, suna nufin mutanen wancan ƙetaren. Larabawa suka ɗauka suka ce al-Hind. Kun ga ke nan maƙwabta ne suka raɗa musu sunan. Da yawansu sun fi son su kira abin nasu Sanatana Dharma, wato tafarki madawwami.

A nan mutumin ƙasarmu kan rikice. Mu mun saba addini yana da annabi, da littafi, da kalmar da in ka furta ka shiga. Su babu mutum guda da za a nuna a ce shi ya kafa, babu shugaba guda, littattafai kuma jibgi. Wani Vishnu yake bauta wa, wani Shiva, wata kuma uwar-gijiya Devi, wani malaminsu ya ce duk waɗannan fuskoki ne na gaskiya guda da suke kira Brahman. Mutum wajen biliyan 1.2 a duniya, kuma a ƙidayar Indiya ta 2011 su ne kashi 79.8 cikin ɗari. To me ya haɗa su? A ganina aiki ya fi haɗa su bisa aƙida: abin da ake yi da safe, abin da ake ci, yadda ake aure, yadda ake ƙona mamaci, da inda ake zuwa ziyara. Babu kuma ziyarar da ta kai Kumbh Mela.

Kumbh tulu ne, mela kuma taro. Labarinsu ya ce alloli da miyagun aljanu sun yi kokawa a kan wani tulu mai ɗauke da ruwan rai madawwami, ruwan ya ɗiga a wuri huɗu: Prayagraj, Haridwar, Ujjain da Nashik. Kowane gari babban taro kan zagayo masa kusan duk shekara 12, kuma lissafin ya dogara da tauraron Mushtari, wanda shi ma wajen shekara 12 yake ɗauka kafin ya kewaye rana.

Prayagraj shi ne babba. Wanda ya taɓa tsayawa a Lokoja ya ga inda Neja da Binuwai suka haɗu zai gane wurin. Can Ganga ne da Yamuna, ɗaya ruwansa ruwan ƙasa, ɗaya ya ja kore, har ana ganin iyakarsu. Suna cewa akwai na uku, Saraswati, da ido ba ya gani. Mahaɗar ita ce Sangam.

Yanzu ga yadda ake yi. Watan Janairu ne, sanyin arewacin Indiya mai shiga ƙashi, irin na tsakiyar hunturunmu ko fiye. Tun kafin asuba mutum zai taho, wataƙila ya taka kilomita da dama da ƙunshi a ka, tsohuwa ta ɗaure bakin zanenta da na 'yar'uwarta don kada su ɓace wa juna. A shiga ruwa zuwa ƙugu, a toshe hanci, a nutse, galibi sau uku. Sai a kamfaci ruwa da tafin hannu biyu, a ɗaga wa rana, a mayar da shi kogi. Wasu su saki ɗan kwano na ganye da fure da 'yar fitila a ciki, ruwa ya tafi da shi. Kafin a fita kuma sai a cika 'yar jarka. Wannan ruwa gida za shi, a ajiye shekara da shekaru, ranar da wani ke gargara a ɗiga masa a baki.

Me ake nema? Sun yi imani rai yana sake dawowa duniya a wani jikin bayan mutuwa, kuma aikin da ka yi, wato karma, shi ke zaɓa maka inda za ka faɗo. Burin ƙarshe shi ne moksha, kuɓuta daga wannan zuwa da dawowa. Wanka a Sangam a ranakun da taurari suka dace, a wurinsu, yana wanke zunubi ya kusantar da mutum ga kuɓutar.

Waɗanda 'yan jarida suka fi ɗauka hoto su ne Naga sadhu, masu gudun duniya da ke shafe jiki da toka, gashi a murɗe, babu sutura. Ranar da mutum zai shiga cikinsu sai ya yi wa kansa bukukuwan mamaci, alamar ya mutu ga dangi da dukiya. Ƙungiyoyin masu gudun duniyar, akhara, guda 13 ne, kuma a manyan ranaku su ke fara shiga ruwa. Amma ni waɗanda suka fi jan hankalina su ne kalpavasi, yawanci tsofaffin ƙauye, miji da mata, da ke kafa tanti wata guda cur, su kwana a ƙasa, su ci abinci sau ɗaya a wuni. Babu mai nuna su a talabijin.

Sai zamani. Taron 2025 na Prayagraj ya fara 13 ga Janairu ya ƙare 26 ga Fabrairu, kwana 45. A kan yashin da kogi ya janye aka gina gari na wucin gadi mai faɗin hekta 4,000, da gadoji 30 masu iyo a ruwa, da kyamarori masu ƙirga jama'a, kuma da damina ta zo ruwa zai shafe wurin. Gwamnatin jihar Uttar Pradesh, inda Prayagraj yake, ta ce an yi wanka sama da miliyan 660. Ku riƙe wannan adadi da hankali, don wanda ya shiga ruwa kwana biyar ana iya ƙirga shi sau biyar. Duk da haka, ku tuna alhazan 2024 gaba ɗaya miliyan 1.8 ne da ɗoriya.

Taro irin wannan ba ya rasa hawaye. Daren 29 ga Janairu aka yi turmutsitsi kusa da Sangam, hukuma ta ce mutum 30 suka mutu, binciken 'yan jarida ya nuna sun fi haka. A watan Fabrairu kuma hukumar kula da gurɓatar muhalli ta ƙasar ta ba da rahoton cewa ƙwayoyin cutar bayan gida sun yi yawa a ruwan. Babban ministan jihar, Yogi Adityanath, ya musanta, jama'a kuma ba su fasa shiga ba.

Wani abin ma dariya zai ba ku. An samu wani mai dabara da ya ce wanda ba zai iya zuwa ba ya turo hotonsa ta WhatsApp da rufi 1,100 na kuɗin Indiya, shi zai buga hoton ya tsoma masa a kogi. Wasu Hindu suka ce wannan cin fuska ne, wasu suka biya. Ai tun 2016 gidan wayar Indiya ke sayar da ruwan Ganga a kwalba.

Akwai kuma siyasa, ba zan tsallake ta ba. Garin Prayagraj har zuwa 2018 Allahabad ake kiransa, sunan da ya samo asali daga zamanin Sarki Akbar na daular Musulmi ta Mughal, gwamnatin Yogi ce ta sauya shi. Firaminista Narendra Modi da kansa ya shiga ruwa ranar 5 ga Fabrairu, kyamarori na kallo. Akwai aƙidar siyasa da ake kira Hindutva, wadda wani marubuci ɗan siyasa, Savarkar, ya tsara a 1923, mai ganin Indiya ƙasar Hindu ce tun asali, kuma wannan na tayar da hankalin Musulmin ƙasar, waɗanda a 2011 suka kai miliyan 172. Kafin taron ma an ji shugabannin akhara na kiran a hana wanda ba Hindu ba kafa rumfar kasuwanci a filin. Ni dai ba na haɗa wannan da tsohuwar da ta ɗaure zanenta ta taho neman gafara, ko da yake ruwa ɗaya suka shiga da ɗan siyasar.

To ɗan'uwa mai tambaya, jan abin nan na goshi tilak ne, ana sa shi bayan ibada ko don yi wa baƙo maraba. Farantin wutar kuma aarti, kuma kowace yamma ana yi wa kogin Ganga kansa irinsa a Haridwar da Varanasi. Babban taron Nashik kuma a 2027 aka tsara shi. Lokaci ya cim mana, mako mai zuwa za mu duba batun saniya, don shi ma an turo tambaya a kansa. A huta lafiya.