Darasin Gona: Yadda Jema Ke Gyara Ƙasar da Dizal Ya Ɓata

Assalamu alaikum 'yan uwa manoma. Yau muna fadamar Argungu, gefen da ake girke injin ban ruwa. Malam, matso da kyamarar nan. Kun ga ƙasar ta yi baƙi, ko ciyawa babu? Dizal ne, wanda ke zuba wajen ɗura mai da na yoyon tanki.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne, ba ciyawar jema da za mu dasa ce ke shanye man ba. Ƙwayoyin halitta da ke zaune jikin saiwa su ke cinye shi. Saiwar tana ciyar da su, tana kuma buɗe musu ƙasa iska ta shiga. Mu dai namu mu samar musu iska da taki da danshi.

To, saman da ya jiƙe sharkaf, kwashe shi da shebur, a shanya can kan tudu nesa da rijiya, a bisa leda. Kada a ƙona, kada a tura shi gulbi. Sauran a kafce, a zuba ɓuntun shinkafa da kashin shanu... a'a, tsaya, miƙo na kajin, shi na fi so domin ya fi ƙarfi. Amma wanda ya ruɓe, ɗanye ƙona shuka yake. A riƙa juyawa duk mako har warin ya ragu.

Yanzu ga inda ake wahala. Ƙasar da ta sha mai ba ta karɓar ruwa. Duba, na zuba, ya taru a sama yana gangarewa. Sai mutum ya ɗauka ya ba da ruwa, alhali ƙarƙashi a bushe take ƙamas. Saboda haka yayyafi za ku yi, ku jira, ku sake. Tura yatsa ciki. In bai fito da danshi ba, ba ka yi komai ba tukuna. Kuma kada ka cika shi ya kwanta kamar fangalin shinkafa, iska za ta ɗauke, aikin ya tsaya.

Jema kuwa kun san ta, ga ta nan cike da fadama. A raba gindi, tsiro 2 ko 3, a datse ganyen, a dasa jere, tazarar tafin hannu. Kowane rami a sa masa ƙasa mai kyau cikin hannu ɗaya, ita ce za ta riƙe saiwar kafin ta kama. Mai son dashe a shirye, muna da shi a gandunmu, kuma muna rangwame ga ƙungiyoyi.

Tsakanin layuka a watsa wake, yana ƙara wa ƙasa sinadarin da man ya sa ta rasa. Don Allah waken nan ba na ci ba ne, harawar ma kada a ba dabba. In kuwa baƙin man juye ne ya zuba, wannan akwai ƙarfe a ciki, sai a nemi malamin gona ya duba.

Aikin yana iya cin damina guda ko fiye. Mako mai zuwa za mu ɗebi ƙasar nan a gwangwani mu gwada tsirar iri.